Kafin ka kafa rumfar biki, dubi gabas: yadda ake karanta hasashen ruwa a waya

Da zarar watan Mayu ya kama, hankalin mazauna Alajo da Nima da Adabraka ba ya kwanciya idan gari ya yi duhu da rana tsaka. Babu wanda ya manta da daren Laraba 3 ga Yuni 2015, lokacin da ruwa ya shanye Circle, jama'a suka fake a wani gidan mai, man ya bi kan ruwa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Allah Ya kiyaye na gaba. A yau kusan kowane gida a zango akwai babbar waya, kuma a fuskar kowace waya akwai ɗan hoton rana ko girgije da ke cewa ga yadda gari zai kasance. Duk da haka, tambayi mai trotro ko mai sayar da waakye, abin da za ka ji shi ne: "Ai wannan abin ƙarya yake yi."

Suna da hujja. Waya kan nuna rana fes, da La'asar a tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata rana ta nuna tsawa tun daga Asuba har Isha'i, ko ɗigo kada a gani. Amma akwai dalilin da ya sa haka ke faruwa a nan Ghana fiye da Turai, kuma wanda ya gane dalilin zai san inda ya kamata ya duba da inda bai kamata ya ɓata datarsa ba.

Ɗan hoton nan na fuskar waya ba wani mutum ne a Accra ya leƙa sama ya zana shi ba. Daga manyan kwamfutoci yake fitowa, waɗanda ke lissafa yanayin duniya baki ɗaya. Fitattu a cikinsu su ne na cibiyar Turai da ake kira ECMWF mai hedikwata a garin Reading na Ingila, da GFS na gwamnatin Amurka, da ICON na Jamus. Kowannensu yana yanka duniya gida-gida kamar ramukan dara, ya zuba wa kowane gida lambobin zafi da iska da laima, sannan ya lissafa abin da zai biyo baya. A na Turai, wanda mutane da yawa suka fi yarda da shi, faɗin gida ɗaya ya kai kimanin kilomita 9. Wato Nima da Maamobi da Newtown da Alajo duk za su iya shiga gida guda. Kowa kuwa ya san ana iya yin ruwa a Maamobi, ƙasa na bushe ƙarau a Circle.

Matsalar ta fi haka zurfi. Ruwan Turai yawanci yana zuwa ne a cikin wani makeken tsari mai faɗin ɗaruruwan kilomita, wanda kwamfuta ke hangowa tun saura kwanaki. Namu kuwa ruwan hadari ne: rana ta gasa ƙasa, iska mai laima ta yi sama, girgije ya taru cikin awa ɗaya ko biyu, ya zubar. Ainihin wurin da zai taru da lokacin da zai fashe abu ne mai wuyar lissafi. Ga kuma ƙarancin tashoshin awo a nahiyarmu, su ne kuwa ke ciyar da kwamfutar da bayanin farko. A 2018 wasu masu bincike na Karlsruhe a Jamus sun auna hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya a kan yankin Sahel da gaɓar tekun Gini. Abin da suka samu ya ba da mamaki: sau da yawa ɗanyen hasashen bai kai ingancin mutum ya buɗe tarihin ruwan shekarun baya na wannan lokaci ya yi kintace da shi ba. Ko bayan an gyara lissafin, da ƙyar ya zarce hakan. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma har yanzu jerin kwana goma da waya ke nunawa, wai ranar Lahadi ta sama za a yi ruwa ƙarfe uku, hangen Dala ne kawai. Kada uwar amarya ta ɗaga biki saboda shi, kada kuma ta saki jiki saboda shi.

A wajen zafi kam, kwamfutocin suna ƙoƙari. Idan waya ta ce Bolgatanga ko Tamale za su haura digiri 40 a cikin Maris, to yarda da ita ka nemi inuwa, musamman ga tsofaffi da masu azumi, tunda azumin 2024 da na 2025 duk a wannan tsakani suka faɗo. Haka ma ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi: tafiyarta a sannu take, ana ganin zuwanta tun saura kwanaki, mai asma yana da lokacin tanadar maganinsa. Ruwa ne ɗan tawayen.

Hukumarmu ta gida

Wuri na farko da ya kamata mutum ya duba shi ne Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana, wato GMet, wadda dokar majalisa mai lamba 682 ta 2004 ta kafa, hedikwatarta tana Legon. Shafinta shi ne meteo.gov.gh, tana kuma saka hasashenta da gargaɗinta a Facebook da X. Abin da ya raba ta da manhajar waya shi ne mutane. Ma'aikatanta suna kallon lissafin kwamfutocin nan dai, amma suna haɗa shi da hoton tauraron ɗan'adam da rahoton tashoshinsu, da kuma sanin halin ƙasar: sun san yadda iskar teku ke yi wa Accra, sun san tsaunukan Kwahu da na Akwapim suna tayar da hadari da yamma. Hasashen nasu yakan zo gari-gari, daga Aflao zuwa Axim, daga Kumasi zuwa Wa, an raba shi safe da rana da dare.

Da Turanci suke rubutawa, kuma nan ne ake barin iyayenmu a baya. Kalmomi uku ne suka fi yawo a ciki. In ka ga "isolated", ana nufin jefi-jefi, 'yan wurare kaɗan ne za su samu. "Scattered" ya ɗara haka, nan da can. "Widespread" kuwa ruwan gama-gari ne, kowa ya shirya.

Sai lambar nan mai alamar kashi cikin ɗari, wadda ko ɗalibaina na aji na sama sukan fassara ta ba daidai ba. Kashi 40 ba ya nufin za a yi ruwa na kashi 40 na yinin, ba ya kuma nufin ruwan ba zai yi ƙarfi ba. Ma'anarsa: a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, a huɗu ake samun ruwa a wannan wuri. Saboda haka idan an ce kashi 30 kuma aka yi ruwa, hasashen bai yi ƙarya ba, ɗaya daga cikin ukun nan ce ta faɗo. Yadda za ka yi aiki da lambar ya danganta da abin da za ka yi asara. Mai zuwa kallon ƙwallo zai iya yin biris da kashi 30. Mai shanya masara, ko ɗan kasuwar da buhunan albasarsa daga Galmi ke jibge a fili a Adjen Kotoku, kashi 30 ya ishe shi ya ajiye tampol a kusa.

Akwai wata lamba da ta fi wannan muhimmanci ga mai zama bakin kwata, ita ce milimita. Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. Ɗauki rufin kwano mai mita 10 da mita 5. Idan aka yi ruwan milimita 20, lita 1,000 ke nan ta sauko daga wannan rufi kaɗai, wato galan rawaya ta lita 25 har guda 40. To ƙirga rufin Nima gaba ɗaya, da siminti da kwalta da ba sa shan ruwa, duk su nufi kwata ɗaya da leda ta riga ta cushe. Sannan a kula da tsawon lokaci: milimita 50 da ta sauka a hankali cikin yini ɗaya, ƙasa da magudana za su iya da ita, amma in ta sauka cikin awa guda, labari ya sha bamban. Abin lura, Accra ba ta cikin garuruwa masu yawan ruwa. Abin da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 800 ba, Axim kuwa tana haura 2,000. Ambaliyar Accra ta magudana ce da gini a kan hanyar ruwa, wannan kuma zance ne na wata rana.

Taswirar radar da ba ta ganin mu

Matasa da yawa sun sauke manhajoji masu nuna taswira da launuka suna motsi, a sama an rubuta radar. A gane, radar na'ura ce da ake girkewa a ƙasa, sau da yawa kusa da filin jirgin sama. Tana harba sigina, ya bugi ɗigon ruwa a sama ya dawo, daga nan a san inda ruwa ke zuba da ƙarfinsa. Ganinta bai wuce kilomita 200 zuwa 250 ba. Wani rubutu da masana suka fitar a mujallar Nature a 2023 ya ƙirga tashoshin radar 636 a Amurka da Tarayyar Turai, Afirka gaba ɗaya kuwa 37, kuma ba duka ke aiki ba.

Wannan yana da haɗari ga mai karatu. Ka buɗe taswirar radar, ka ga Faransa da Jamus cike da launi, yankinmu kuwa fayau, ka ɗauka babu ruwa. Alhali babu ido ne a wurin. Wasu manhajojin sukan yi wa irin wannan yanki inuwa ko zane-zane don nuna ba su da bayani. Wasu kuma sai su cike giɓin da ƙiyasin kwamfuta ko na tauraro, su bar sunan radar a kai. In taswira tana ba ka damar ja gaba ka ga gobe ko jibi, ka tabbata lissafi kake kallo, domin radar ba ta ganin abin da bai faru ba.

Abin da Allah Ya hore mana a madadin haka shi ne tauraron ɗan'adam, kuma a nan mun yi sa'a. Taurarin Meteosat na hukumar Turai ta EUMETSAT suna tsaye a sama, nisan kimanin kilomita 36,000, daidai inda layin Greenwich ya gitta tsakiyar duniya. Layin Greenwich kuwa ta Tema ya ratsa. Wato babban idon yana saitin teku, kimanin kilomita 600 kudu da Tema, yana kallon mu kusan kai tsaye. Tsofaffin taurarin suna ɗaukar hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuma duk minti 10, har da na'urar ganin walƙiya. Ana samun hotunan kyauta a shafin EUMETSAT, amma ga mai waya ya fi sauƙi ya buɗe Windy ko Zoom Earth ya zaɓi ɓangaren tauraro.

Wata sa'ar kuma, agogo. Shafukan masana da yawa suna rubuta lokaci da UTC ko GMT, shi ne kuwa agogon Ghana da Togo da Burkina Faso. Ɗan'uwanka na Kano ko Yamai sai ya ƙara awa ɗaya, kai ba ruwanka.

Yadda ake karanta hoton

Tsofaffinmu da suka taso daga ƙasar Hausa sun san hadari daga gabas yake tasowa, kuma kimiyya ta yarda da su. Akwai wata iska mai ƙarfi a sama da ke kora manyan hadura daga gabas zuwa yamma a duk faɗin Afirka ta Yamma. Shi ya sa gargaɗin GMet yakan ce an hango hadari a kan Najeriya ko Benin ko Togo, ana sa ran zai shigo ta gabashin ƙasa. Don haka in ka buɗe taswira, kada ka tsaya kallon kan gidanku. Mutumin Accra ya dubi Lome da Kwatano. Na Kumasi ya dubi Ho da tafkin Volta. Na Tamale da Yendi ya dubi arewacin Togo da Benin.

Zaɓi hoton da ke auna sanyin saman girgije, domin shi yana aiki dare da rana. Girgijen hadari dogo ne, kansa yakan kai kilomita 15 a sama, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili da digiri 60 ko fiye. Gwargwadon sanyin kai, gwargwadon ƙarfin hadarin. Shafuka da yawa suna shafa wa irin wannan wuri rawaya da ja, amma launi yana sauyawa daga shafi zuwa shafi, don haka dubi ɗan ma'aunin da ke gefe kafin ka firgita. Sannan danna alamar kunnawa ka kalli awa biyu da suka wuce. Hoto ɗaya tsayayye ba ya gaya maka komai, motsin ne labari: dunƙulen yana girma ko yana yagewa? Ina ya dosa?

Daga nan lissafin 'yan firamare ne. Irin waɗannan hadura sukan yi tafiyar kimanin kilomita 40 zuwa 60 a awa. Tsakanin Lome da Accra, a miƙe, bai kai kilomita 200 ba. Idan jan dunƙule yana kan Lome ƙarfe goma sha biyu kuma yana ƙara kumbura, awa uku zuwa huɗu ke gare ka. Ka tuna hoton da ke hannunka ya riga ya tsufa da wasu mintoci kafin ya iso, don haka rage kaɗan. Awa ukun nan sun isa a kwashe shanya, a ɗaure rumfa ko a sauke ta, a ɗora katifa da takardun makaranta a kan kabad. Sun isa shugaban makaranta ya yanke shawara ko ya sallami yara da wuri ko ya riƙe su a aji har ruwa ya wuce, maimakon a buga ƙararrawa daidai lokacin da kwata ta cika, 'yan aji ɗaya suna tsallaka katako. Iskar da ke gaban hadarin ma abin tsoro ce, ita ce mai yaye kwano da kayar da allunan talla, kuma takan riga ruwan isowa.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu da za ta aurar da 'yarta ta tare ni tun saura mako biyu, ta ce: "Malam, duba mini wayar nan taka, ranar Lahadin za a yi ruwa?" Na ce: "Hajiya, yau kam babu mai gaya miki gaskiya. Ki kama kanofi mai ƙarfi tunda Yuni ne, ranar Asabar da dare mu ga me GMet ta ce, ranar Lahadi da hantsi kuma in duba miki gabas." Ta ce wai ashe abin ma ba ya gani da nisa. Haka ne, kuma duk manhajar da ta nuna tana gani da nisa, ita ce abar zargi.

Dabarar duba gabas ma tana da iyaka. Wani hadarin a kanka yake haihuwa da yamma, babu inda ya taso balle ka hango shi. Wani ya taho da ƙarfinsa ya mutu a hanya. Sannan a watan Yuni, gaɓar teku tana samun wani irin ruwa da iskar kudu maso yamma ke kawowa daga teku, girgijensa bai cika tsawo ba, don haka ba ya yin ja sosai a hoto, amma yana iya wuni yana zuba. Wani lokaci kuma faffaɗan farin da ka gani hular hadari ce kawai da iska ta baza, ƙarƙashinta ba ruwa. Saboda irin waɗannan ne nake cewa hoton tauraro mataimaki ne, gargaɗin hukuma shi ne gaba.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da zancen gaba ɗaya, suna ganin kamar shiga gaibu ne, tunda ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ambaci saukar da ruwa a cikin abubuwan da saninsu ke wurin Allah. Malamai su ne masu fatawa, ni malamin aji ne. Abin da na sani shi ne mai hasashe ba ya cewa tabbas, kashi yake bayarwa, kuma alamu yake karantawa kamar yadda kakanninmu ke jin ƙamshin ƙasa da sauyin iska su ce a shigo da awaki. Mu dai mukan ƙara da in sha Allahu.

Ruwan da ba ya cikin hasashe

Akwai ambaliyar da ba za ka gan ta a kan garinku a kowace taswira ba. Kogin Odaw daga tuddan wajen Abokobi yake gangarowa, ya bi ta Achimota da Alajo da Avenor kafin ya faɗa Korle. Ana iya yin yayyafi kawai a Alajo, ruwan da aka tafka a tudu ya iso bayan awa ɗaya ko biyu. Haka mutanen Aboabo a Kumasi suke fama da nasu rafin. A arewa, kusan kowace shekara wajen Agusta ko Satumba ana buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farin Volta ya cika ya shanye gonaki, ko da rana ake ƙwallawa a Walewale. A 2023 an fara sakin ruwan Akosombo ranar 15 ga Satumba, zuwa Oktoba dubban mutane a Mepe da kewaye sun bar gidajensu. Irin wannan labari daga hukumar agajin gaggawa ta NADMO da rediyo yake zuwa, lambar neman ɗauki kuma 112 ce.

Manomi a arewa, mai damina ɗaya tak, ya fi buƙatar hasashen damina da GMet ke fitarwa a farkon shekara, wanda ke faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, da tsawon fari a tsakani, da lokacin ɗaukewa. Ruwan farko yakan yaudari mai gaggawa, ya zuba iri, a yi mako biyu ba ɗigo.

Saura WhatsApp. Duk damina sai an yaɗa tsohon gargaɗi ko bidiyon ambaliyar wata ƙasa a ce Kaneshie ce yanzu-yanzu. Gargaɗin hukuma na gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da lokacin da aka fitar da shi, da lokacin da zai ƙare, da sunayen yankuna. Wanda babu waɗannan, kada ka tura. Wanda ke da su kuwa, matashin da ya iya Turanci ya taimaka ya mayar da shi saƙon murya da Hausa ga zauren masallaci ko na iyayen yara, ya fara da faɗin ranar da ƙarfe nawa ne, sannan inda hadarin yake, da unguwannin da aka ambata, da lokacin da gargaɗin zai ƙare, don kada a wayi gari bayan mako guda saƙon yana ta yawo.